Siririyar muryar jarumin opera ba ta 'yan kawuntatena ba ce tun asali

Mutane da yawa in sun ga ƙaton namiji yana rera waƙar Handel, wani mai tsara opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa), da siririyar murya sai su ɗauka ai dama haka aka tsara abin, wai don maza masu maƙale murya da ake kira kawuntatena aka rubuta. A'a wallahi. Kastirato aka rubuta wa, wato yaran da ake yi wa dandaƙa a Italiya tun kafin su balaga don kada murya ta fashe, sai yaro ya girma da ƙirjin ƙato amma muryar na can sama, ga ƙarfi ga dogon numfashi. A Giulio Cesare, operar Handel da aka fara yi a Landan a 1724, wani kastirato mai suna Senesino ne ya fito a Kaisar, shi kuwa saurayi Sesto mace ce ma ta yi shi, Margherita Durastanti, kun ga kenan sa mace a rol ɗin namiji ba sabon abu ba ne. Yanzu da babu kastirato (Moreschi na ƙarshensu ya mutu a 1922) dole a zaɓa, ko mace ko kawuntatena, ni dai mace ta fi cika min kunne a babban zaure.