A karɓi kuɗin fakin, a bar ƙofar Millennium Park a buɗe

Wuraren da magidanci zai kwashi iyalinsa a Abuja, su shimfiɗa tabarma a inuwa ba tare da wani ya miƙo hannu a bakin ƙofa ba, 'yan ƙalilan ne. Babbansu shi ne Millennium Park da ke Maitama, daura da Unity Fountain. Sarauniyar Ingila Elizabeth ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe rainon Ingila a zamanin Obasanjo. Fili ne mai hekta 32, rafi ya raba shi biyu: ɓangare guda an tsara shi da hanyoyi da maɓuɓɓugan ruwa, ɗayan kuma an bar wa itatuwa da tsuntsaye. Tun farko an san shi da shiga kyauta, shi ya sa ran Sallah ko Kirsimeti ba ka samun masaka tsinke.

Amma ciyawa ba ta aske kanta. Akwai masu gadi da masu shara, akwai ban ruwa tun daga Nuwamba har saukar damina, akwai banɗaki da fitilu. Duk ranar da aljihun da ke ɗaukar wannan nauyi ya gaji, ido zai koma kan masu zuwa, kuma hanya biyu ce: ko a caji mutum, ko a caji motarsa. Ni dai ina bayan a caji motar.

Wanda ya zo da mota ya cinye filin da ya fi ɗakin kwanan wasu girma, ya riƙe shi tun azahar har magariba. Wanda ya taso daga Nyanya ko Mararaba ko Kubwa kuwa ya riga ya biya nasa a hanya: bas zuwa cikin gari, sannan tasi, domin tun 2006 aka hana acaba a tsakiyar birnin. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin kai 'ya'ya biyar Maitama a dawo da su ya zama abin da sai an zauna an yi lissafi. A ce kuma ya iso ƙofa a ƙirga kawunan yaransa? Nan take zai ce su haƙura, a zauna gida. Kuɗin shiga yana hukunta mai yawan iyali da ƙaramin ƙarfi. Kuɗin fakin kuwa ana biyansa sau ɗaya ne a kan mota, ko da maƙwabci ne ya cusa yaran layinsu tara a tsohuwar Golf ɗinsa.

Na san abin da masu mota za su ce, kuma suna da hujja. Mazauna Abuja ba su manta da tsarin biyan kuɗin fakin a gefen titi ba, lokacin da mutum zai shiga banki ya fito ya tarar an ɗaure masa taya da ƙarfe, wasu samari sanye da riguna masu sheƙi suna jiran a sasanta. A 2014 babbar kotun Abuja ta ce tsarin ba shi da madogara a doka, aka dakatar da shi. A 2023 hukumar birnin ta sake sa hannu da wasu kamfanoni domin dawo da shi. Wanda aka taɓa ɗaure wa taya, in ya ji an ambaci kuɗin fakin a wurin shaƙatawa, ba ciyawa mai kyau zai hango ba, wancan ƙarfen zai tuna.

Sannan ga tambayar inda kuɗin ke zuwa. Kanawa sun tuna 2019, lokacin da sama da naira miliyan shida na cinikin Sallah suka yi ɓatan dabo a gidan zoo, har labari ya zagaya duniya cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, da kansa ya fito ya ce babu goggon biri a gidan. Dariya aka yi ta yi, amma tsabar kuɗi da aka tara a jaka a bakin ƙofa haka ƙarshensu yake zama.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba sata ba ce. Da zarar an ɗora wa wurin shaƙatawa nauyin ciyar da kansa, sai a fara yanka shi. Zagaya unguwannin Wuse da Garki ka ga yadda filaye da dama da aka ware domin itatuwa suka koma wuraren gasa kifi da sayar da giya da hayar rumfar biki. Allon ƙofa yana nan da sunan lambu, amma ba mai kai yaro ciki. Daga "a ɗan samu na gyara" aka fara.

Don haka in za a karɓi kuɗin fakin, a fara da rubutawa a dokar da ta halatta shi cewa shigar mutum kyauta ce, ta yadda wani darakta ba zai wayi gari ya sauya ba. Farashi ya zama ɗaya, a manna shi da manyan haruffa, kada ya ninka ran Sallah. A biya ta na'urar POS ko tiransifa zuwa asusun wurin, ba hannun wani ba, a kuma riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon ƙofa. In an samu rara, a ɗauki hayar bas-bas a ranakun bukukuwa su riƙa jigilar iyalai daga Nyanya da Kubwa zuwa bakin ƙofar.