Sa hannun Balabushka a jikin sanda ba shi ne hujja ba

Masu tara tsofaffin sandunan sinuka irin ta Amurka (pool) da yawa suna ganin da zarar an ga sunan George Balabushka, shahararren mai kera sandunan, a rubuce a jikin sanda shikenan an samu ta asali, to wallahi akasin haka ne ma. Mutumin nan a Brooklyn ta Amurka yake aikinsa har ya rasu a 1975, kuma galibin sandunan da ya yi da hannunsa baya sa musu suna kwata-kwata. Sanduna masu sa hannun nan da ake gani a kasuwa bayan rasuwarsa aka fara yin su, kamfanin Adam na Japan ne ya dinga kera su da izinin amfani da sunan, suna da kyau kam amma kudinsu ko kusa baya kama na asalin ba.

To da me ake ganewa? Da aikin kansa. A duba mahadar karfen tsakiya inda ake daure sandar, a duba zaren lilin da aka nade marikin da shi, da kuma gindin katakon, don a farko na sandar Titlist ta kamfanin Brunswick ya dinga amfani da shi, daga baya ya koma na wasu masu kera sanduna, Burton Spain da Gus Szamboti, wannan ne ma ke nuna shekarun da aka yi ta. In kudi ne mai yawa dai a kai wa kwararre ya duba kafin a biya.