Kartar da ta gusa, a bar ta inda take

Duk mai zaman fada a Maradi, ko a unguwar Zariya ko ta Bagalam, ya san inda gardamar karta ke tsirowa: "Ai ɗazu nan na aje ta!" A bilot abin da sauƙi, kartoci 32 ne, kowa takwas, wadda aka jefa ta tafi ke nan.

Wasan Dominion, wanda Ba'amurke Donald X. Vaccarino ya fitar a 2008, ya ci babbar kyautar wasanni ta Jamus a 2009, ya fi haka rikici. Kowa na farawa da kartoci 10, bakwai na kuɗi, uku na maki. Ka jawo biyar, ka sayi sababbi, tarinka na ƙaruwa. Karta guda sai ta bi ta hannu, ta faɗa tarin zubarwa, ta hau kan tarin jawowa, duk a zagaye ɗaya.

Shi ya sa aka kafa doka: idan umarnin da ke rubuce a kan wata karta ya zo ɗaukar karta daga inda ya bar ta, ya tarar wani abu ya riga ya gusar da ita, to ba ya bin ta. Ko an maido ta ma, ya makara. Misali, kartar da ake kira Summon na samo maka karta ta aje gefe don zagaye na gaba. In ka fito da wata kartar, Watchtower, ka ɗora sabuwar a kan tarinka na jawowa, Summon ta rasa ta.

Masu ƙorafi na cewa, to ai kowa ya ga inda ta tafi, mene ne na hanawa? Yau an gani. Gobe fa, da aka gauraya tarin, ga kartoci iri ɗaya har huɗu a ciki, wa zai rantse wacce ce? Sai mai babbar murya ya ci, ƙaramin fada ya haɗiye. Ni dai ina bayan dokar, don ta cire hukunci daga bakin mutane ta ɗora kan abin da ido ke gani a tabarma.

A 2019 an sassauta ta: kartar da wata ta rufe a tarin zubarwa, yanzu ana iya zaro ta. Wannan ma daidai ne, tunda ba ta motsa ba. A waya manhaja ce ke riƙe lissafin. A fada kuwa, kafin a raba, a tsayar da wacce za a bi, tsohuwar ko sabuwar.