Kwanan wata ɗaya, rubutu kala huɗu

Wallahi na gaji. Wata uku ke nan ina roƙon kamfanin da aka ba kwangilar shigar mana da bayanan marasa lafiya su riƙa rubuta kwanan wata a tsari ɗaya: shekara, wata, rana, kamar 2023-04-03. Shi ne R, manhajar kwamfuta da nake lissafi da ita, ke ganewa kai tsaye. Na faɗa da baki, na rubuta a takarda, na tura misali. Duk ya bi ta bayan kunne.

Shekaranjiya fayil ya sake zuwa. Aikina shi ne in lissafa kwana nawa kowa ya yi tsakanin kwantarwa da sallama, da shekarunsa, aikin da bai wuce awa guda ba. Sai ga 03/04/2023. Uku ga Afrilu ne, ko huɗu ga Maris irin rubutun Amurka? A shafi ɗaya akwai masu wannan, akwai masu wancan. Abin da ya fi ƙona mini rai, in ka miƙa wa as.Date, umarnin R mai karanta kwanan wata, irin wannan ba ka faɗa masa tsarin ba, ko uffan ba zai ce ba. Sai ya ɗauki 03 shekara, 04 wata, 20 rana, ya watsar da 23. Ga mutum an kwantar da shi a shekara ta 3 miladiyya!

Sai wata dattijuwa haifaffiyar 1965, aka rubuta mata 65 kawai saboda ganda. A R, shekara mai lamba biyu daga 00 zuwa 68 ta ƙarnin nan ce, don haka ta koma 2065. Shekarunta suka fito da alamar ragi, wai ba a ma haife ta ba. Da ban lura ba, da ta ja matsakaicin shekarun ɗakin mata ƙasa, rahoto ya tafi a haka, a yi odar magani a kansa.

Wasu layukan ma lamba ce tsirara, 45000. Excel ne ya mayar da 15 ga Maris 2023 haka, wato ƙirgen kwanaki. R yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1970, ita kuwa lambar Excel sai ka ba ta mafari 1899-12-30, in ka manta ka tsinci kanka a 2093.

Kwana biyu na yi ina bin layi-layi da ido, ina kwatantawa da katunan asibiti, rabi a kan janareta da man aljihuna. Da na kira shugaban kamfanin, cewa ya yi, "Haba Malam, ai duk kwanan wata ne." Duk kwanan wata ne? An biya ku kuɗi cas, ni oga ke yi wa faɗan latti. Fayil na gaba in ya zo a haka, ko buɗe shafi na biyu ba zan yi ba, mayar muku zan yi tare da kwafi zuwa ga wanda ya sa hannu a kwangilar.