Ɗaukar Nauyin Tsohon Jirgin Hawan Tudu Ba Sayarwa Ba Ce

Ina yawan jin ana cewa duk lokacin da kamfani ya liƙa sunansa a jikin tsohon jirgin hawan tudu, to birni ya sayar da kayan tarihinsa ke nan. Damuwar tana da tushe, domin babu mai son ganin abin da kakanni suka bari ya koma allon talla.

Amma yarjejeniyar ɗaukar nauyi haya ce ta suna zuwa wani wa'adi, mallaka kuwa tana nan hannun hukuma. Irin wannan jirgi taragu biyu ne ɗaure da igiyar ƙarfe guda, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kuma sauya igiyar da gyaran birki da binciken injiniyoyi kan ci kuɗin da tikiti kaɗai ba ya iya biya. Wannan giɓin ne kamfani yake cikewa.

Jirgin igiya da ke tsallake kogin Thames a Landan, ko da yake sabo ne, ya nuna yadda abin yake. Kamfanin jiragen sama na Emirates ya biya fam miliyan 36 domin jirgin igiyar ya ɗauki sunan kamfanin daga 2012, da wa'adin ya cika a 2022 aka cire sunan, jirgin kuma ya ci gaba da zama na hukumar sufurin birnin.