A kira su ranar wuya, a manta da su ranar rabo

Duk lokacin da aka taso da maganar mata a aikin soja, muhawarar wuri ɗaya take tsayawa: shin mace za ta iya? Wannan ya kawo zancen ƙarfin damtse, wancan ya kawo raunin zuciya, wani ya ɗauko Sarauniya Amina ta Zazzau ya jefa, a tafa, a watse. A ganina an daɗe da amsa wannan tambaya, tun a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da jini aka amsa ta. Wadda ta rage, wadda gwamnatoci ba sa son a yi musu, ita ce: me ƙasa take yi wa macen da ta kira lokacin da wuta ta kama, bayan wutar ta mutu?

Mu fara da Tarayyar Sobiyet, domin babu ƙasar da ta kai ta tura mata bakin daga. Da Jamus ta afka mata a watan Yunin 1941, cikin 'yan watanni aka kashe ko aka kama sojojinta maza miliyoyi. Kafin a gama yaƙin mata wajen 800,000 sun sa kaki. Da yawansu likitoci ne da ma'aikatan jinya da masu kula da layin tarho, amma akwai direbobin tankar yaƙi, da masu harbo jiragen sama, da gwanayen harbi daga nesa irin su Lyudmila Pavlichenko, wadda aka rubuta mata sojojin abokan gaba 309. A watan Oktoban 1941 aka ba wata fitacciyar matuƙiya, Marina Raskova, izinin kafa rundunonin jiragen sama guda 3 na mata. Wadda ta fi yin suna a cikinsu ita ce runduna ta 588, masu kai harin dare.

A dubi abin da aka damƙa musu a matsayin jirgin yaƙi. Po-2 ake ce masa, tsohon jirgin koyon tuƙi da feshin gona, jikinsa katako da tamfol, ba rufi a kan matuƙi, harsashi ɗaya mai wuta ya isa ya cinna masa gobara. Mutum biyu yake ɗauka. Don kada nauyi ya yi yawa, sun daɗe suna tashi ba laimar sauka, wato in jirgi ya kama da wuta shi ke nan. Idan sun kusa inda za su jefa bom sai su rage injin ya yi shiru, su sulalo cikin duhu, Jamusawa ba sa jin komai sai shuuu ɗin iska a jikin fukafukai. Shi ya sa suka laƙaba musu Mayun Dare. Su sauke bom, su koma, a sake ɗora musu wani, su sake tashi, haka har asuba, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Sun yi sawu fiye da 23,000. Kakin da aka ba su na maza ne, takalman ma na maza, sai sun cusa tsumma a ciki kafin ƙafa ta zauna. Yawancinsu ba su daɗe da cika shekara 20 ba.

Yaƙi ya ƙare a watan Mayun 1945. Kafin ƙarshen shekarar an rushe rundunar, an sallami akasarin matan da ke soja. Mikhail Kalinin, wanda a takarda shi ne shugaban ƙasa, ya yi wa wasu daga cikinsu jawabi, ya gode musu, sannan ya ja musu kunne kada su je suna ɗaga kai da abin da suka yi a fagen daga. A gari kuwa abin da ya tarye su ya fi wannan ɗaci. Tsegumi ya bazu cewa matan da suka je bakin daga matan hafsoshi ne na wucin gadi, har da sunan zagi da aka ƙirƙira musu. Namiji ya dawo da lambar yabo a ƙirji ana nuna shi da alfahari, mace ta dawo da irin lambar ta ɓoye ta a ƙasan akwati don kada ta rasa mijin aure.

Kada a ce halin 'yan gurguzu ne. A Amurka mata 1,074 ne suka kammala horon tuƙa jiragen soja a shirin da ake kira WASP. Su ke kwaso sababbin jirage daga masana'anta zuwa sansanoni, su ke jan abin da maza ke koyon harbi a kansa da harsashi na gaske. Mata 38 suka mutu a bakin aiki. Da yake a takarda farar hula ne, soja ba ta ɗauki nauyin kai gawarsu gida ba, sai dai iyali ko abokan aiki su yi karo-karo. A Disambar 1944, da matuƙa maza suka wadata, aka rufe shirin. Sai a 1977 aka amince cewa tsofaffin sojoji ne, bayan shekara 33. Ingila ita ma ta fara tilasta wa 'yan mata marasa aure hidimar yaƙi a ƙarshen 1941, har Gimbiya Elizabeth ta shiga a 1945 ta koyi tuƙi da kanikanci. A rukunonin harbo jirage mace ce ke hango jirgin, ita ke auna nisansa da tsayinsa, amma doka ta ce namiji ne zai harba, don a ci gaba da cewa ba a sa mata yaƙi ba. Bom ɗin Jamus dai bai san da wannan doka ba.

A nahiyarmu Eritiriya ce babban misali. A yaƙin neman 'yanci da aka yi da Habasha daga 1961 zuwa 1991, kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan EPLF, babbar ƙungiyar masu neman 'yancin, mata ne. Sun kwana a ramukan duwatsun Nakfa tare da maza, sun jagoranci mayaƙa, an yi aure a daji ba sadaki ba lefe. Da aka ci yaƙi aka shiga Asmara, babban birnin ƙasar, aka fara sallama, da yawa daga cikin auren nan suka mutu, domin dangin miji sun fi son yarinyar da ta tashi a gida ta iya girki da ladabi, a kan wadda ta yi shekara goma da bindiga a kafaɗa. Wasu sun fito ba takardar makaranta, ba sana'a, ga 'ya'ya. Bayan haka ƙasar ta kafa bautar ƙasa ta dole ga maza da mata, kuma a 2015 kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cin zarafin 'yan mata a sansanonin horo, har da na Sawa, a hannun manyansu.

Na san abin da mai karatu a Kano ko Zinder zai ce: to ai ka kawo mana hujja da kanka, mace ta zauna a gida ta tsira da mutuncinta. Ban raina wannan magana ba. Uban da ke tsoron tura 'yarsa bariki ba jahili ba ne, ya san abin da yake gudu. Malamai kuma sun yi bayani cewa ba a wajabta wa mace fita yaƙi ba, sai in abokan gaba sun shigo gari, a nan ne kare kai ya hau kan kowa. Amma tarihin da muke karantawa a Islamiyya bai ce mata ba su je ba. Nusaiba 'yar Ka'ab ta tsaya da takobi tana kare Annabi (SAW) a Uhudu har aka sare ta a kafaɗa. Rufaida ta kafa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya faru shekaru bayan an gama. Halifa Umar yana rabon mayafai ga matan Madina, mai kyau guda ya rage, aka ba shi shawara ya ba matarsa, jikar Annabi. Ya ce Ummu Saliɗ ta fi cancanta, domin ita ke ɗauko musu salkunan ruwa ranar Uhudu. Shugaba ne ya tuna da aikin mace a fagen daga ranar rabo, ya fifita ta a kan iyalinsa. Wannan ne gwamnatocin zamani suka kasa.

Mu kuma a Najeriya zancen ya wuce a yi ko kada a yi, domin yaƙin da muke ciki ya riga ya shigo da mata ta ƙofar baya. A watan Yunin 2014 aka ga mace ta farko 'yar ƙunar baƙin wake, a ƙofar barikin soja na Gombe. Wani bincike da cibiyar nazarin ta'addanci ta West Point, makarantar sojan Amurka, ta fitar a 2017 ya ƙirga mata da 'yan mata 244 da Boko Haram ta ɗaura wa bom, adadin da ba wata ƙungiya a duniya da ta taɓa kai shi. Ko a watan Yunin 2024 mata ne suka tayar da bama-bamai a Gwoza, har a wurin biki da wurin jana'iza. To a shingen bincike, wa zai caje mace mai hijabi? Uban da ba ya son 'yarsa ta sa kaki, zai yarda ƙaton soja ya laluba matarsa a ƙofar kasuwa? Shi ya sa a Maiduguri mata suka shiga cikin 'yan ƙato da gora, su ke caje mata a ƙofar kasuwa da tasha, ba sulke ba komai, alhali mai cajen ce ta fi kowa kusa da bom in ya tashi. A Adamawa an san Aisha Bakari Gombi, maharbiyar da ta jagoranci maza cikin daji. A sansanonin 'yan gudun hijira kuwa, inda akasarin mazauna mata ne da yara, ƙungiyar Amnesty ta yi zargi a 2018 cewa wasu masu tsaro sun riƙa neman mata da musayar abinci, zargin da rundunar soji ta musanta. Ko ma wane ne ke da gaskiya, sansanin da mata ke gadin ɓangaren mata ya fi zama lafiya.

Rundunar ta ɗan motsa, a ba ta haƙƙinta. A 2011 makarantar NDA ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshi mayaƙa, a 2018 aka kafa sashen mata na sojan ƙasa, a 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, Tolulope Arotile kuma ta farko a jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Arotile ta kai hare-hare kan 'yan bindiga a jihar Neja kafin ta rasu a haɗarin mota a Kaduna a 2020. A farkon 2021 an girke mata sojoji a hanyar Abuja zuwa Kaduna, aka yi ta ɗaukar hoto. Hoton ba shi da laifi, sai dai ni abin da ke bayan hoton nake tambaya. A 2024 wata ƙaramar soja ta fito a TikTok tana zargin manyanta da cin zarafi. Rundunar ta ce ta bincika ba ta samu kowa da laifi ba, ta kuma sallame ta bisa dalilin rashin lafiya. Ba ni da ikon yanke hukunci a kan wannan shari'a. Amma tsarin da zai sa kurtu ta kai ƙarar oga wurin abokin oga, tsari ne da ke koya wa sauran su yi shiru, kuma iyaye a Arewa suna kallo.

Har kayan sawa ba ƙaramin abu ba ne. Yukren, mai dubban mata a fagen daga tun mamayar Rasha ta 2022, sai a 2023 ta amince da kakin da aka ɗinka daidai jikin mace, kusan shekara 80 bayan Mayun Dare sun gama cusa tsumma a takalmi. Rigar sulken da aka auna a ƙirjin namiji tana barin gurbi a jikin mace, kuma ta wannan gurbi harsashi ke shiga.

Saboda haka ina goyon bayan a ɗauki mata, waɗanda suka zo da ƙafarsu, ba tilas ba, a kuma buɗe musu duk aikin da suka ci jarrabawarsa ba tare da an rage musu ma'auni ba. Amma Majalisar Tarayya ta fara sa sharaɗi a doka, kada a bar shi a hannun kirkin wani kwamanda. A samar da inda soja mace za ta kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin mutumin da take ƙara. A fayyace makwanci da hutun haihuwa da abin da 'ya'yanta za su samu in ta faɗi. Matan ƙato da gora da maharba, waɗanda ba su da lambar aiki balle fansho, a rubuta sunayensu yanzu da ake buƙatarsu, domin ranar da aka ce yaƙi ya ƙare ba wanda zai tashi neman su. A ƙasar da tsofaffin sojoji maza ke shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, macen da ba ta cikin rajista ba ta da ko ƙofar da za ta je ta zauna.