Kafet ɗin da ba ya kama tabo

Bara, bayan na sayar da riɗina a kasuwar Maigatari, sai na ga lokaci ya yi da ɗakin baƙina zai huta da tsohuwar tabarmar kaba. Na hau motar Kano, na faɗa wani shago inda mai kaya ya warware mini wani kafet mai ruwan madara, ya ce wannan ba ya kama tabo. Da ya ga alamar musu a fuskata, sai ya tsiyaya masa lemon kwalba, ya sa tsumma ya ɗauke, wurin ya koma fes. Ko tayi ban yi da kyau ba na biya, kuma har yau uwargida ba ta san ainihin kuɗin ba.

Tun daga ranar da aka shimfiɗa shi na zama mai wasan nuni. Duk baƙon da ya zo, kafin a gama tambayar iyali na aika a kawo zoɓo, na kwarara a tsakiyar ɗaki, jama'a su yi salati, ni kuwa ina murmushi, domin ruwan tsayawa yake yi a saman zare kamar raɓa a ganyen gwaza. Na gwada shayi, na gwada kunun tsamiya, duk suka fita. Ɗana da yake karatu a birni ya ja ni gefe ya ce, "Baba, zaren nan dangin robar buhun taki ne. Ba ya shan ruwa, shi ya sa zoɓo ba ya kama shi, amma mai yana manne masa, kuma zafi in ya kai wajen digiri 165 narkewa yake yi." Na ce masa da kuɗina na saya, ba da littafinsa ba.

Ana nan sai surukina ya zo daga Gumel zai kwana. Da na shigar masa da tuwon shinkafa da miyar taushe da ta sha manja, kamata ya yi in ajiye in fita kamar yadda kunya ta tanada, amma sai na ga yana shafa kafet ɗin da tafin hannu. Zoɓo kuwa ya ƙare a gidan, domin ni na ƙarar da shi a ƙasa. Na durƙusa na ce, "Baba, ku duba ikon Allah," na ɗebi miya cikin ludayi na juye.

Na goga sau ɗaya, ja ya bazu. Na ƙara ƙarfi, abin da yake kamar tafin hannu ya zama faifai. Daga baya na ji cewa danna tsumma ake yi ya tsotse, gogawa kuwa tura man take yi cikin zare, amma a daren nan ba wanda ya gaya mini, dattijon ma tuwonsa kawai yake ci. Da ya fita sallar isha'i na dawo da omo da ruwan ɗumi, kuma gaskiya jan ya ragu sosai, da na haƙura a nan da an rabu lafiya. Sai dai wurin ya jiƙe sharkaf, ga baƙo zai kwanta, saboda haka na hura gawayi a dutsen guga na ɗora don ya busar. Warin ƙonanniyar leda ne ya sanar da ni cewa yaron nan ba ƙarya ya yi ba. Da na ɗaga dutsen, sai ga siffarsa ta fito sarai, har da tsinin bakinsa.

Da safe surukina ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "To Malam, wannan kuma da wane tsumman ake ɗauke shi?" Kafin in sami amsa uwargida ta yi sallama, ta shigo da tsohuwar tabarmar kaba a naɗe, ta shimfiɗa ta a kan tabon, ta gaishe da mahaifinta, ta fita ba ta ko dube ni ba.